Finafinan Da Ke Maganar Mata, Matan Kuwa Ba Su Gan Su Ba

A wannan makon filin namu zai leƙa gidan silima. Na san da jin wannan kalma wata uwargida za ta ɗaure fuska, ta ce me ya haɗa matar aure da gidan silima? Ki yi haƙuri ki karanta tukuna, don ba nufina in fitar da ke daga ɗakinki da tsakar dare ba ne.

Idan aka ce fim a ƙasar nan, abu biyu ke faɗo wa mace a rai. Ko dai na Indiya mai waƙa da rawa a cikin furanni, ko kuwa namu na Hausa da ake yi a Kano, wanda shi ma da yawansa sawun na Indiyan ya bi. To, akwai wani iri na uku wanda yawancinmu ba mu taɓa sa shi a ido ba. Shi wannan ba babban kamfani ne ke yin sa don neman riba ba. Mutum guda ne, namiji ko mace, wani abu zai tsaya masa a zuciya, ya shiga fafutukar neman kuɗi, ya ci bashi nan, ya roƙi taimako can, wani lokaci har shekaru, kafin ya samu ya ɗauki labarin yadda shi yake so, ba yadda ɗan kasuwa yake so ba. Su ake kira masu shirya fim masu zaman kansu. Sau da yawa 'yan wasansu ba sanannu ba ne, mutanen ƙauye ne ko na unguwa, da tufafinsu na kullum, ba hoda ba jan baki. Ba a cika samun waƙa a ciki ba, in ma an samu, to irin wadda mata ke yi ce a bakin turmi.

Abin da ya sa na kawo maganar a filin mata shi ne, da yawa daga cikin irin waɗannan finafinai da 'yan Afirka suka yi, labarinmu suke bayarwa. Maganar kishiya, da rashin haihuwa, da auren dole, da yarinyar da aka kai aikatau. Ana ɗaukar su a kai Faransa da Jamus da Kanada a nuna, Turawa su cika ɗaki su yi tafi, a ba mai fim ɗin kyauta. Ita kuwa matar da aka ba da labarinta tana nan tana tankaɗe, ba ta ma san an yi ba.

Dalili na farko kowa ya san shi: tun asali gidan silima bai yi suna mai kyau a wurinmu ba. Rex, wanda aka buɗe a Kano a 1937, a wajen ganuwa aka gina shi, inda baƙi da gidajen giya suke. A 1951 gobara ta tashi a gidan silima na El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa kuwa suka ce ai ga sakamakon zuwa irin wannan wuri. Da aka buɗe Palace a Jakara, a cikin birni, a 1952, sai da aka yi ta jifan masu shiga. Wuri ne na dare, maza cunkus, ga hayaƙin taba, ga ihu. Macen da aka gani a can an gama yanke mata hukunci, ko da kuwa kallo kawai ya kai ta. Saboda haka ba laifin iyayenmu ba ne da suka hana, kuma ni ban zo in ce sun yi kuskure ba.

Amma ku tambayi kakanninku labarin majigi. Motar gwamnati za ta zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a nuna yadda ake noman auduga ko tsabtace rijiya, wani ma'aikaci yana tsaye da lasifika yana bayani da Hausa. Tsofaffi da yara da 'yan mata duk suna zuwa, ba wanda ya ce an yi abin kunya. Har yanzu akwai tsofaffin da ke tuna Baban Larai. Wannan ya nuna mana ba hoto mai motsi a jikin bango mutane suka ƙi ba. Wurin suka ƙi, da lokacin, da irin taron. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Dalili na biyu na kasuwa ne, kuma shi ba kowa ya san shi ba. Mai gidan silima ba shi ke yin fim ba, haya yake ɗaukowa. Fim ɗin Indiya ko na Amurka ko na 'yan karate kafin ya iso nan ya riga ya mai da kuɗinsa a ƙasarsu har da riba, don haka da araha ake ba da shi. Shi kuwa ɗan Afirka da ya ci bashi ya yi nasa, a nan yake sa ran mai da kuɗinsa, tilas nasa ya fi tsada. In ke ce mai gidan, wanne za ki ɗauka? A ƙasashen da Faransa ta mallaka abin ya fi muni, don kamfanoni biyu ne na Faransawa, COMACICO da SECMA, suka riƙe kusan dukan harkar rarraba finafinai da manyan gidajen silima, sai abin da suka ga dama ake nunawa. Wannan ne ya sa ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu ta karɓe gidajen silimarta ta mai da su na gwamnati a 1970. Daga baya bidiyo ya shigo, aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, kallo ya koma cikin ɗaki. Mu mata mun ci ribar wannan ƙwarai. Amma tsofaffin gidajen silima suka yi ta mutuwa, waɗansu suka zama shaguna, waɗansu ɗakunan ajiye kaya, fim mai zaman kansa kuwa ya rasa ko ɗan wurin da yake raɓawa a da.

Ba sai mun tafi nesa ba wajen neman misali. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna cikin waɗanda suka fara wannan aiki a Afirka ta Yamma. Akwai Mustafa Alassane, wanda makanike ne tun farko. Fim ɗinsa na 1962 sunansa Aouré, watau aure, a kan yadda ake biki a wani ƙauye na bakin kogin Kwara. Shi ne kuma gwanin hotunan zane masu motsi, inda yake sa kwaɗi su zama shugabanni da fadawa don ya yi wa masu mulki shaguɓe. A 1972 ya yi wani da ya kira F.V.V.A., haruffan farko na kalmomin Faransanci huɗu: mace, gida, mota, kuɗi. Kun ji yadda aka jera mu tare da kayan mallaka, kuma da gangan ya yi, don ya nuna halin ɗan bokon da ya sami aikin ofis. Ya zauna a Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015.

Sai Umaru Ganda, wanda aka haifa a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa aka kai shi yaƙi a ƙasar da ake kira Biyetnam yanzu. Da ya dawo bai sami aiki ba, ya tafi Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa, a can ya gamu da wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, wanda ya sa shi a fim ɗinsa. Daga nan ya koyi sana'ar. A 1969 aka fara wani bikin nuna finafinan Afirka a Wagadugu, wanda ake kira FESPACO, kuma mace ce, Alimata Salembéré, ta shugabanci kwamitin da ya shirya na farkon. A 1972 aka fara ba da babbar kyautar bikin, mai suna Ingarman Yennenga, don tunawa da wata gimbiya mahayiyar doki wadda Mosawa ke cewa ita ce kakarsu. Wanda ya fara cin wannan kyauta a duk Afirka shi ne Umaru Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame.

Ga labarin a taƙaice. Wani mai hali ya dawo daga Makka ana kiransa Alhaji, yana da mata biyu. Sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya, Satu, wadda an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Kuɗi da girma suka yi aikinsu, aka ba Alhaji, Garba ya bar gari da baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu ta kasa haƙuri, ta ƙudura kashe amarya a daren biki, amma cikin duhu sai ta kashe ɗaya daga cikin ƙawayen amarya. Da Zabarmanci aka yi shi, amma babu matar Bahaushe da za ta kalla ta ce ba ta gane gidan ba. A ganina Ganda bai zagi aure fiye da ɗaya ba, bai kuma zagi aikin Hajji ba. Abin da ya tona shi ne mutumin da ya mai da sunan Alhaji makamin ƙwace, da iyayen da suka karya alkawari saboda abin hannu. Ku duba kuma wadda ta mutu. Ba Alhaji ba ne, ba iyayen ba ne, ba ma amaryar ba ce. 'Yar mutane ce da ta zo rakiya, ba ta ci ba ba ta sha ba. Da a ce ƙungiyar matan unguwa za ta zauna ta kalli wannan tare, na tabbata hirar da za ta biyo baya sai ta fi fim ɗin tsawo.

A cikin 'yan wasan wannan fim akwai Zalika Souley, wadda ya kamata kowace 'yar makaranta ta san sunanta. An haife ta a Yamai a 1947, ta fara fitowa a fim ɗin Mustafa Alassane a 1966 tana 'yar shekara 19, tana cikin matan farko a wannan yanki da suka riƙi wasan fim sana'a. Yawanci matsayin muguwar mace ake ba ta, mai kishi ko mara kamun kai, ta kuwa iya ƙwarai. Iyawar ce ta jawo mata. Mutane suka kasa raba wasa da gaskiya, suka ɗauka halinta ke nan, ana zaginta ana nuna ta da baki. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar ita ma ta durƙushe. Wata 'yar ƙasarsu, Rahmatu Keita, ta bi ta da kyamara ta yi fim a kanta mai suna Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004. A ciki an ga matar da aka taɓa tafa wa a manyan biranen duniya tana zaune da 'ya'yanta a ɗan ƙaramin gida ba ko famfo, daga baya har ta tafi aikatau ƙasar waje. Ta rasu a 2021. Duk mai jin yadda ake yi da 'yan matan fim na Kano a bakin mutane yau, ya san wannan ciwo bai warke ba.

Wanda na fi so in tsaya a kansa shi ne na A'isha Macky, 'yar Damagaram, wadda aka haifa a 1982. Ta yi karatun sanin halayyar jama'a a jami'ar Yamai, sa'an nan ta tafi Senegal ta koyi ɗaukar fim. A 2016 ta fito da L'arbre sans fruit, watau itacen da ba ya 'ya'ya. Ba wasan kwaikwayo ba ne, fim ne na gaskiya, mutanen cikinsa da fuskokinsu da bakinsu suke magana, tsawonsa minti 52. A'isha matar aure ce da ba ta sami haihuwa ba, mahaifiyarta kuma wajen haihuwa ta rasu tun A'isha tana 'yar shekara biyar. Sai ta shirya fim ɗin kamar tana yi wa marigayiyar magana: uwa ta rasa ranta garin ba da rai, 'ya kuma ana ganin ba ta cika mace ba don ba ta bayar ba. Ku tuna a ƙasar da ta yi wannan, binciken da aka yi a 2012 ya nuna mace guda takan haifi 'ya'ya fiye da bakwai. A irin wannan wuri, wadda ba ta da ko ɗaya ina za ta sa kanta ranar suna?

Ta zauna da mata masu irin lalurarta suka buɗe mata ciki, abin da ba su faɗa ko wa 'yan ɗakinsu. Mu nan ba sai an fassara mana ba. Mun san habaicin dangin miji, mun san kalmar juya da yadda ake jefa ta, mun san yawon gidan mai magani da jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa mace har cikinta ya lalace, mun san ranar da za a ce mata ta yi haƙuri za a yi mata ƙanwa. Abin da fim ɗin ya fito da shi fili shi ne, mace kaɗai ake tuhuma, maigida kuwa da wuya ya yarda ya je a auna shi. Alhali likitoci sun tabbatar cewa a cikin ma'auratan da ba su sami haihuwa ba, kusan rabi akwai matsala ta wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, wajen mutum ɗaya cikin shida na manya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Ashe ba abu ne na mutum ɗaya ko biyu ba, babu unguwar da babu shi. Fim ɗin ya ci kyautar fim na gaskiya mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2016, gasar da a nan Nijeriya aka kafa ta. To, matan Katsina da Daura da Gumel nawa ne suka gan shi, ga Damagaram nan kusa da su? An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wata tana can ta shekara goma tana kuka a ɗaki tana tsammani ita kaɗai ce, ga kuwa minti 52 da za su nuna mata ba haka ba ne, su kuma ba ta abin da za ta nuna wa maigida ba tare da ta buɗe baki an ce ta yi rashin kunya ba. A 2021 A'isha ta sake yin wani mai suna Zinder, a kan samarin unguwar Kara-Kara ta garinsu, kuma Hausa suke yi a ciki tsantsa.

Ita ma Rahmatu Keita ta yi Zin'naariyâ a 2016, labarin wata 'yar sarauta da ta dawo Damagaram daga karatu a Faransa tana jiran masoyinta, shi ne kuma fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar ta Amurka. Can Senegal akwai Safi Faye, wadda ina jin daɗin ambatonta don malamar makaranta ce kafin ta ɗauki kyamara. A 1975 ta koma ƙauyensu ta yi Kaddu Beykat a kan wahalar manoman da aka ɗora wa noman gyaɗa, har gwamnatinsu ta hana nuna shi da farko. Ita ake lissafawa mace ta farko a Afirka kudu da Sahara da ta yi dogon fim aka kai shi kasuwa. Ta rasu a 2023. Duk da haka, har zuwa bikin 2025 ba macen da ta ci Ingarman Yennenga na zinariya a dogon fim na wasan kwaikwayo, kyautar da ke ɗauke da sunan mace. Apolline Traoré ta Burkina Faso ta kusa, ta sami na azurfa a 2023.

Kada ku ce duk na maƙwabta na lissafa. 'Yan makaranta, kun san littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗansunku ma sun yi jarrabawa a kansa. Kun san an yi fim ɗinsa? Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976, da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Shi da kuɗin gwamnati aka yi shi, amma ƙaddararsa ɗaya da sauran. Bayan 'yan shekaru ya ɓace, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano gwangwanayen fim ɗin a cikin tsofaffin kayan Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya ta birnin Berlin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a babban bikin finafinai na Berlin a 2018. Wadda ta karanta littafin ta san ba labarin Umar kaɗai ba ne. Labarin uwa ne da aka sace mata ɗa, ta bar gida ta bi sawunsa har cikin hamada, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Jamusawa sun zauna sun kalli wannan uwa suna karanta fassara a ƙasan hoto. Yarinyar da ke aji uku a Zariya, wadda ba ta bukatar fassara, ita ce ba ta gani ba.

Sai dai in gaya muku gaskiya tun da wuri, kada wata ta je ta dawo ta ce na yaudare ta. Irin waɗannan finafinai ba su da sauri. Kyamara takan tsaya a kan mace tana tafiya rijiya har ki ƙosa, ko a yi shiru ba mai magana. Sau da yawa ba a ƙarewa da biki, ba a kuma kama mugu a ɗaure. A kan bar ki da tambaya ki tafi da ita gida. Wadda ta saba da waƙa duk bayan minti goma sai ta yi haƙuri da rabin awar farko. Kuma ba duka ne masu kyau ba. Da yake yawancin kuɗin daga Turai yake fitowa, akwai masu yin fim don su burge alƙalan can, su yi ta nuna talauci da ƙazanta kamar ba mu da komai sai su. Akwai kuma waɗanda ke da wuraren da ba su dace da idon yara ba, ko da labarin mai ma'ana ne. Saboda haka duk wanda za a nuna wa 'yan mata, wajibi ne shugabar makaranta ko wata babbar malama ta fara kallonsa ita kaɗai daga farko har ƙarshe.

To, a ina ake ganinsu? Mafi yawa a bukukuwan finafinai da cibiyoyin al'adu. A Yamai akwai cibiyar da aka sa wa sunan Umaru Ganda bayan rasuwarsa a 1981. A Nijeriya akwai bikin Zuma da Hukumar Finafinai ke shiryawa a Abuja, a Kano kuma an fara wani mai suna KILAF a 2018 don finafinan harsunan Afirka. Amma waɗannan na 'yan kwanaki ne a shekara, a manyan birane, mahalartansu kuwa yawanci 'yan sana'ar ne da 'yan jami'a. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta wata ƙungiya mai suna Cinéma Numérique Ambulant, wadda ta fara aiki a Benin da Nijar da Mali a farkon shekarun 2000. Mota guda, da farin ƙyalle, da janareto, su shiga ƙauye su nuna fim ɗin Afirka kyauta, in an gama a ba mutane lasifika kowa ya faɗi ra'ayinsa. Majigin kakanninmu ke nan ya dawo, sai dai wannan karon labarin namu ne.

A nan ne nake ganin muna da abin yi, tun da mun ce wuri da lokaci da irin taro su ne matsalar. Makarantun 'yan mata da yawa suna da babban ɗakin taro. Majigi na zamani bai fi girman akwatin ɗinki ba, ana samun haya a gari, farin zanen gado kuwa ya isa allo. Ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya na matan aure suna iya karɓar aron ɗakin, a yi da rana, mata zalla, mace a bakin ƙofa. Maigidan da zai hana matarsa zuwa gidan silima da dare, da wuya ya hana ta zuwa makarantar 'yarsa da hantsi, musamman in an aika masa takardar gayyata da sunan fim ɗin da abin da ya ƙunsa. Masu gidajen silima na zamani da ke manyan kantuna su ma a je a same su. Da safe a ranakun aiki ba su cika samun 'yan kallo ba, in ƙungiya ta ce za ta kawo mata ɗari ta sayi kujerun gaba ɗaya, ɗan kasuwa zai saurara. Wanda aka yi da Zabarmanci ko Faransanci, a samo malama mai jin harshen ta fara kallo, ranar nunawa ta tsaya da lasifika tana bayani kamar yadda ake yi a da.

Abu guda nake roƙo, kada a je a kwafo fim ɗin a ɓoye. Kun ji yadda Zalika ta ƙare. A rubuta wa mai fim ɗin ko kamfanin da ke rarraba shi a nemi izini, yanzu da intanet wannan ba wuya, a faɗi cewa makaranta ce ko ƙungiyar mata, a tambayi abin da za a biya, a yi karo-karo kamar yadda muke yi wa adashi. A gayyato ungozoma ko ma'aikaciyar asibiti ranar da za a nuna na A'isha Macky, don tambayoyi za su taso waɗanda malamar aji ba za ta iya amsawa ba.

Mai son farawa da Shaihu Umar, Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos za ta rubuta wa, kuma ya fi kyau takardar ta fito daga ofishin shugabar makaranta da hatiminta. Fim ɗin minti 142 ne, in an fara bayan La'asar da kyar a gama kafin Magariba, ga masu girki suna duban rana. Gara a sa shi ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a rufe tagogi da barguna don ɗakin ya yi duhu, a kuma ware tabarmi a baya kusa da ƙofa saboda masu goyo.